Ku Karanta Littafin da Zai Sa Ku Yi Tambaya

'Ya'yana da jikokina na Lafiya, ina so mu yi magana a kan wani irin littafi da nake fatan in gani a jakar kowane ɗan makaranta a garin nan, wato littafin bincike. Shi ne wanda ake ɓoye wani sirri a farkonsa, a riƙa jefa wa mai karatu alamu kaɗan-kaɗan har ya kamo bakin zaren, kuma kafin ya kai ƙarshe ya kwashi tarihi mai yawa ba tare da an sa shi hadda ba.

A Amurka da Ingila wannan sana'a ta yi ƙarfi. Akwai jerin littattafai mai suna The 39 Clues da aka fara fitarwa a 2008, inda wata yarinya da ƙanenta suke bin sawun sirrin zuriyarsu ƙasa-ƙasa. A littafin farko, wanda Rick Riordan ya rubuta, alamun sun kai su birnin Paris, kuma sai da suka san rayuwar Benjamin Franklin kafin su iya ci gaba. Yaron da ke karantawa burinsa ya riga su gano amsar, amma yana ajiye littafin ya san wani mutum da wani zamani da bai taɓa ji ba. In kun samu irinsu a ɗakin karatu ko wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, ku karanta, za su gyara muku Turanci kuma su wasa muku ƙwaƙwalwa.

Sai dai kada ku ɗauka abin baƙo ne a gare mu. Kakanninku sun tashi da kacici-kacici bayan cin tuwon dare, kuma in yaro ya kasa ba da amsa, sai ya ba da gari kafin a warware masa. Da haka ƙaramin yaro yake jin sunan Kano da Katsina da Zariya tun bai taɓa fita unguwarsu ba. Da rubutun boko ya zo, gasar da aka shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ganɗoki ya ɗauko yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ya gauraya su da labarin aljannu, Shaihu Umar kuma ya bi da mu hanyar da ake bi da bayi ta cikin Sahara. Ba littattafan warware sirri ba ne kai tsaye, amma sun nuna tun tuni cewa Hausa na iya ɗaukar tarihi a cikin labari mai daɗi.

Malamanmu na zaure ma suna da nasu wasan ƙwaƙwalwar, kuma shi nake so ku fi sa wa ido. In malami ya gama rubuta waƙa da ajami, sau da yawa ba ya rubuta shekarar da lamba. Sai ya ƙulla wata kalma a ƙarshen waƙar, wadda ake kira ramzi. Kowane baƙi yana da adadinsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har zuwa shin, wanda a lissafin da malaman ƙasar nan suka gada daga Magrib yake tsaye a matsayin 1000. Ka tara adadin baƙaƙen, sai shekarar Hijira ta fito. Daga nan sauran aiki shi ne ka mayar da ita shekarar Miladiyya. Yaron da ya iya wannan, in aka buɗe adakar kakansa aka ciro tsohuwar takarda, shi zai gaya wa gidan shekarar da aka rubuta ta. Ku je wajen malaminku na allo ku ce ya koya muku, zai ji daɗin tambayar.

To ku dubi inda kuke zaune. Me ya sa tsofaffi suke cewa Lafiyar Barebari, alhali Borno tana can nesa a gabas? Amsar tana wajen Muhammadu Dunama, wanda ya jagoranci mutanensa suka kafa garin nan a ƙarshen ƙarni na 18. Amma wace hanya suka biyo, a ina suka yada zango, su wa suka tarar, da me suka yi ciniki da su? Kowace tambaya a nan babi guda ce. Me ya sa kasuwar Lafiya ta bunƙasa a zamanin Sarki Muhammadu Agwai, a ƙarshen ƙarni na 19? Ina gishirin da matan Keana da Awe suke dafawa yake zuwa a kan jakuna da kawunan fatake? Me ya sauya a garin da layin dogo ya ratso daga Makurɗi ya nufi Kafanchan? Jihar Nasarawa kanta sai a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga Filato, don haka iyayenku da yawa an haife su a wata jihar ba tare da sun gusa daga ɗakinsu ba. Wannan kaɗai ya isa kacici-kacici ga ƙannenku.

Ga kuma labarin Keffi, wanda in da a wata ƙasa ne da an rubuta littattafan yara goma a kansa. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, jami'in Turawa, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi. Turawa suka riƙe wannan a cikin hujjojinsu na kai yaƙi, Kano kuma ta faɗa hannunsu a watan Fabrairu 1903. Ku yi tunanin wasu yara biyu 'yan Lafiya da suka tsinci wasiƙar ajami mai ramzin shekara ta 1320, suka lissafa suka ga ta faɗa daidai lokacin, suka shiga neman wanda ya rubuta ta da wanda aka aika wa. Dole su koyi hanyoyin fatake, su tambayi tsofaffi, su kwatanta abin da Turawa suka rubuta da abin da mutanen gari suke faɗa. Wannan littafin nake jira ɗayanku ya rubuta.

Ina ja muku kunne a kan abu ɗaya. Mai rubuta labari yana da izinin ƙirƙira, don haka in kun gama karatu ku zauna ku tsince, wanne ne ya faru, wanne ne marubuci ya ƙara don armashi. Haka kuma in kun fita tambaya za ku ji Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Barebari da Fulani kowa da yadda ya ji daga kakanninsa, wani lokaci ma ruwayoyin su saɓa. Kada ku yi gaggawar cewa wane ya yi ƙarya. Mai bincike na ƙwarai yana sauraron kowa har ƙarshe, ya rubuta wanda ya faɗa masa da inda ya ji, sannan ya auna. Jihar nan ta ɗanɗani zafin rikicin ƙabilanci, kuma yaron da ya saba neman hujja tun yana ƙarami ba a saurin zuga shi da saƙon WhatsApp.

Tarihi ya yi shekaru ba ya cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya kafin a maido da shi, shi ya sa wasu yayyenku suka gama makaranta ba su san wanda ya kafa garinsu ba. Ku kam an buɗe muku ƙofa, ga Jami'ar Tarayya a nan Lafiya, ga ta jiha a Keffi, ga fadar Mai Martaba Sidi Bage Muhammad da dattawan da suka san jerin sarakuna da ka. Ku sayi ƙaramin littafin rubutu, ku je wajen kakanku ko kakarku wannan Juma'ar bayan sallah, ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su daga ina gidanku ya taso da abin da ya kawo shi Lafiya, kuma ku rubuta amsar a gabansu tun suna da rai. Allah ya ba ku ilimi mai amfani.