Jinin Haila Da Zaɓen Maganin Tazarar Haihuwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mata da yawa sukan karɓi maganin tazarar haihuwa a asibiti, sa'an nan su yar da shi bayan wata biyu ko uku, domin ya rikita musu al'ada, har sun kasa sanin ranar salla da ranar barinta. Saboda haka ya kamata mace ta san abin da kowane magani yake yi wa jini, da hukuncin wannan jini, tun ba ta zaɓa ba.

Malamai sun kafa hujjar halaccin tazara da azalu, watau zubar da maniyyi a waje, wanda Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labarin sahabbai suna yi a zamanin Annabi ba a hana su ba. Imamu Malik ya sharɗanta yardar matar. A shekarar 1988 kuwa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Kuwaiti, ta halatta jinkirta ciki na ɗan lokaci idan akwai bukata, da yardar miji da mata, ba tare da cutarwa ba. Ta kuma haramta tsai da haihuwa gaba ɗaya sai da larura.

To, magungunan ba ɗaya suke ba. Ƙwayar da ake sha kullum, mai sinadari biyu, takan daidaita al'ada ta kuma rage ta. Allurar wata uku takan kawo ɗige-ɗige da fari, amma bayan shekara guda kusan rabin masu yinta ba su ganin jini sam. Ashanar fata, wadda ake sa wa a damtse ta shekara 3 ko 5, ita ce ta fi kawo jini marar tsari. Robar mahaifa mai tagulla ba ta hana al'ada zuwa a kan lokacinta, sai dai takan ƙara yawan jinin da ciwon mara.

Wata mace ta fi son ganin jini kowane wata domin ta sakankance ba ta da ciki. Wata kuwa murna take yi da ɗaukewarsa, don ta azumci Ramalana cikakke ba ramuwa. Waɗansu suna tsoron wai jinin taruwa yake yi a ciki. Wannan ba haka ba ne: maganin hana bangon mahaifa yin kauri yake yi, saboda haka babu abin da zai zuba. A Shari'a ma wadda ba ta ga jini ba mai tsarki ce, sallarta da azuminta da ɗawafinta sun inganta.

Hukuncin mai ɗige-ɗige kuwa yana nan cikin littattafan Malikiyya, kamar Ahalari da Muhtasar. Mafi yawan haila kwana 15 ne, mafi ƙarancin tsarki ma kwana 15. Wadda ta saba da kwanakinta, idan jini ya zarce, sai ta ƙara kwana 3, muddin ba ta wuce 15 ba. Misali, mai kwana 6 sai ta kai 9. Mai kwana 14 kuwa ɗaya kaɗai za ta ƙara. Idan jinin yana zuwa yana yankewa, sai ta riƙa harhaɗa kwanakin jinin kaɗai, duk sa'ad da ya ɗauke ta yi wanka ta yi salla. In lissafin ya cika, abin da ya biyo baya istihala ne, watau jinin ciwo, ba ya hana salla ko azumi ko kusantar miji. Haka Annabi ya umarci Faɗimatu 'yar Abu Hubaishi da ta kawo kukan jininta ba ya yankewa. Wadda ta bar salla wata guda cur saboda ɗigo, to, akwai ramuwa a kanta.

Sauran wuri mai hatsari shi ne idda. Iddar wadda aka saka tsarki uku ne, alhali allura takan jinkirta dawowar al'ada watanni da dama bayan an daina. Irin wannan mace kada ta ƙirga wa kanta wata uku ta ɗaura aure. Lalle ta kai maganarta gaban malami ko alƙali.

Abin da ya dace shi ne mace ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti irin al'adar da za ta iya zama da ita, ta kuma riƙa rubuta kwanakin jininta. In jinin ya yi yawa har ya kawo jiri da kasala, ta koma asibiti, gama ana iya ba ta magani ko a sake mata wani tsari. Miji kuma ya taimaka da haƙuri da tambayar malamai, domin kunya ba ta hana neman sanin addini.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya sa a dace, amin.