Tabar Kolorado: Abin da Ya Kamata Iyaye a Kende Su Sani

Samarinmu na Kende da Tsamiya da Lolo da Illo ba zaune suke wuri ɗaya ba. Wasu na tafiya cin rani Legas, wasu na kabu-kabu a hanyar Segbana, wasu na bin kwale-kwalen kaya zuwa Malanbil. Suna dawowa da kuɗi da sana'a, wani lokaci kuma da abin da suka koya a hannun abokai. Cikin abubuwan da ke yawo a birane yanzu akwai tabar da ake kira Kolorado, ko Kolos, wadda jami'an NDLEA suka sha kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Legas. Gara mu san ta tun ba ta shigo mana gida ba.

1. Ku san yadda ake haɗa ta. Wiwi shuka ce da aka sani. Ita kuwa Kolorado sinadari ne na ɗakin bincike, ana narkar da shi a ruwa mai kaifin wari, a fesa a kan busasshen ganye ko takarda, a bari ya bushe, a sayar. Ɗaya daga cikin irinsa na farko, JWH-018, wani masani ne Ba'amurke, John Huffman, ya haɗa shi don nazari a Jami'ar Clemson, sai a 2008 aka gano shi a Jamus cikin ganyen hayaƙi da ake sayarwa da sunan Spice. Sinadarin yana kama ƙwaƙwalwa a inda wiwi ke kamawa, amma da ƙarfi ninkin-ba-ninki. Babbar matsalar kuma ita ce feshin ba ya bin ganye daidai. Ƙulli ɗaya, yatsa ɗaya ya ɗauko mai sauƙi, na biyu ya ɗauko wanda zai kwantar da ƙato. Mai sayarwa kansa bai san me ke hannunsa ba.

2. Kada ku jira warin wiwi. Sau da yawa babu shi. Abin dubawa shi ne yaro ya sandare a tsaye ko a zaune kamar an dasa shi, ido ja, baki na zubar da miyau, ana magana ba ya amsawa. Wani amai zai dinga yi, zuciya na bugu da sauri, zufa na karyo masa. Wani kuma tsoro ne zai kama shi, ya ce ana bin sa, ya kai wa na kusa duka. Ku lura da ƙananan ledoji masu sheƙi da takardar naɗin taba a aljihun wando lokacin wanki, da kuɗin cefane ko buhun shinkafa da ke ɓata ba dalili.

3. Idan ya faɗi, guba ce ta kama shi, a yi masa abin da ake yi wa wanda ya sha guba. Nan ne iyaye suka fi yin kuskure, saboda ruɗewa da tausayi. A kwantar da shi kan haƙarƙarinsa, kai ya ɗan karkata ƙasa, don kada amai ya koma masa huhu. A kwance masa wuyan riga, a kori taron jama'a ya samu iska. Kada a ɗura masa madara ko manja ko rubutu yana sume, shaƙe shi zai yi. In yana jijjiga kada a cusa masa cokali a baki, kada ƙarti su danne shi, a dai janye abin da zai ji masa ciwo. A nemi mota ko babur mai ƙafa uku zuwa asibiti mafi kusa nan take, a tafi da ragowar abin da ya sha, a faɗa wa likita gaskiya. Addu'a ana yin ta a kan hanya. Wannan sinadari na iya taɓa ƙoda da zuciya ko da yaron ya farfaɗo yana dariya, don haka a bari a duba shi.

4. Numfashi in ya yi ƙasa, leɓe ya canza launi, minti ɗaya ma kada a ɓata. Ana gauraya irin wannan taba da wasu gubobin. A Saliyo, inda tabar da ake kira Kush ta yi ɓarna har Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024, gwaji ya nuna akwai irin wannan sinadari a cikinta, da wani mai suna nitazin da ke tsayar da numfashi. A jihar Ilinoi ta Amurka kuwa, a 2018, maganin ɓera aka samu a cikin irin wannan taba, mutane suka dinga zubar da jini.

5. Ku yi magana da shi bayan ya dawo hayyacinsa, ba a gaban ƙannensa ba. Uba ya zauna da shi, ko kawu, ko malamin da yake jin kunyarsa. Duka da mari da kora daga gida suna mai da yaro wurin waɗanda suka ba shi tabar tun farko. Ni ina ganin ɗaure mara lafiya da sarƙa zalunci ne, ko da sunan magani aka yi shi.

6. Ku sa ido a kan 'yan mata ma. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

7. Wanda ya saba, bari farat ɗaya na zuwa masa da rashin barci, ciwon kai, rawar jiki da fushi. Yana bukatar likita. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, jihar Sakkwato, akwai ofishin NDLEA a Birnin Kebbi, hukumar kuma na da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040. Ku kai shi da kanku, iyaye, kada kunyar abin da maƙwabta za su ce ta sa ku ɓoye shi a ɗaki har abin ya fi ƙarfinku.