Idan Abokan Aiki Suka Koma Yarensu: Shawarwari Ga Ma'aikaci Da Mutanen Gidansa

Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni har Unguwa Uku a Kano, gidaje da dama suna da mai fita nema cikin waɗanda ba Hausa suke yi ba. Wani yana masana'antun Sharaɗa ko Challawa, inda manyan wurin ke magana da Sinanci, Indiyanci ko Larabcin Kwarori. Wata ma'aikaciyar jinya ce, ta goge a Asibitin Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, yau tana Saudiyya ko Jamus. Kukansu ɗaya ne: ana cikin magana da kai, da ɗan uwan mai maganar ya shigo sai a juya harshe, a bar ka tsaye da baki buɗe.

1. Raba hira da maganar aiki. Wannan ita ce babba, sauran rassa ne. In suna labarin ƙwallo ko na mutanen gida da yarensu lokacin cin abinci, haƙƙinsu ne, ƙyale su. Amma canjin lokacin aiki, awon magani, yadda za a kunna inji, ko wanda zai karɓi kaya gobe, nan kam babu kawaici. Kunyar tambaya tana iya jawo asarar yatsa a masana'anta, ko ran marar lafiya a asibiti. Ka ce cikin ladabi: "Don Allah a maimaita min da Turanci, ba na so in yi kuskure." Sannan ka maimaita abin da ka fahimta a gabansu, su gaskata ko su gyara. Matambayi ba ya ɓata.

2. Abu mai nauyi, a sa shi a rubuce. Saƙon WhatsApp na layi biyu ya isa: "Kamar yadda muka yi, zan shigo ƙarfe 7 ranar Talata." Ranar da aka ce ai an gaya maka, kana da abin nunawa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa. Yawancin yaranmu ba su san da wannan ba, kuma abin yana damuna.

3. Kada ka ɗauka da kai ake. Sun yi dariya, ɗaya ya waigo, sai zuciya ta ce gulmarka ce. Galibi ba haka ba ne. Mutum ya wuni yana fama da harshen aro, da ya ga ɗan garinsu sai bakinsa ya saki. Zato zunubi ne, kuma mai ɗauke da shi ba ya iya aiki da sakin fuska.

4. Koyi abin da ya sawwaƙa. Ba a ce ka zama tafinta ba. Fara da gaisuwa, godiya, ƙidaya, sai sunayen kayan aikin da kake taɓawa kullum. Ajiye ɗan littafi a aljihu, kalma biyar a rana. Muna da abin koyi: Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa iya cikin kusan rabin wata. Ga mai shirin Jamus, ma'aikatan jinya yawanci ana neman su da shaidar matakin B2, ana kuma rubuta jarrabawar a cibiyar Goethe da ke Legas. Gidan rediyon DW, wanda muka saba jin sashen Hausarsa daga Bonn, yana da darussan Jamusanci kyauta a intanet. Sai dai ki sani, ’yar uwa, Jamusancin aji daban, na ɗakin shan shayi daban. A Bavariya za ki ji karin harshen da bai yi kama da na littafinki ba. Ba daƙiƙanci ba ne, kunne ne bai saba ba tukuna.

5. Kama mutum ɗaya. A kowane wuri akwai mai sauƙin kai da zai ba ka taƙaitaccen abin da aka tattauna. Ka zauna kusa da shi a taro, kada ka ware kanka gefe da wayarka.

6. In abin ya zama da gangan, wato ana yanke shawarar da ta shafe ka a gabanka, ko ana hana ka bayani don ka gaza, kai magana ga shugaba kai da shi, ba cikin jama'a ba. Kawo misali da rana da abin da ya lalace, kada ka ce "ba sa so na." In bai ji ba, akwai ƙungiyar ƙwadago. A Jamus manyan wuraren aiki suna da majalisar ma'aikata da ke sauraron irin wannan.

7. Ku mutanen gida, in ya dawo shiru, kada ku tare shi da "ai kai ka ce kana so." Ya wuni ba a yi hira da shi ba, ku ba shi kunne. Wadda ke waje, ku kira ta ku yi hirar unguwa, ba sai ta kuɗi kaɗai ba.

8. Mu ma muna yi wa wasu. ’Yar hidimar ƙasa daga Inugu ko Ekiti da aka turo makarantar unguwarmu, ko ƙaramin likita daga Kalaba, sau nawa muke ɓarkewa da Hausa a gabansu mu manta da su? Addini ya hana mutum biyu su keɓe da magana su bar na uku, domin hakan yana ɓata masa rai, malamai kuma sun ce komawa yaren da bai ji ba yana cikin hanin. In kai ne babba a ofis ko shago, ka sa doka: maganar aiki da harshen da kowa ke ji, kuma duk wanda aka yi hira a gabansa, a juya a ba shi fassara.