Ina Babur Zai Kwana?

Wata Asabar da hantsi ina zaune a ƙofar gidanmu a Gaya, sai ga ɗan acaɓa ya sauke wani malamin makaranta da na sani. A cikin garin Ajingi yake haya, yana koyarwa a wani ƙauye can wajen Toranke. Tun kafin mu gama gaisawa na tambaye shi ina Boxer ɗinsa, don ban taɓa ganinsa goye a bayan wani ba.

"Barista, ai maganarsa ce ta kawo ni," in ji shi. "Yana soron gidan da nake haya. Alhaji mai gidan ya ɗaure shi da sarƙa ya buga kwaɗo, yau kwana uku."

Gidan na 'yan haya huɗu ne, da soro mai faɗi, da wani kango a gefe da aka zagaye da langa-langa. Shekara biyu malam yana tura babur cikin soro bayan sallar isha'i, ba wanda ya ce masa kanzil. Akwai wani saurayi mai adaidaita sahu da ke kwanar da ita a kangon, akwai kuma ma'aikaciyar asibiti da maigidanta ke zuwa da mota ƙarshen mako. Sai ɗan Alhaji ya zo hutun sallah daga Kano, ya shaida wa mahaifinsa cewa a birni ko keke ba ya kwana kyauta. Bayan sallah Alhaji ya tara su ya yanke: babur naira 2,000 a wata, adaidaita sahu 3,000, mota 5,000. Malam ya riga ya biya kuɗin shekara, saura wata bakwai. Ya ce ba zai ba da ko sisi ba, har ya ƙara da cewa in aka matsa masa, zai zabtare kuɗin acaɓar da yake kashewa daga kuɗin haya na gaba.

A aikina na lauya, rigimar haya da ta saba zuwa teburina ta ƙarin kuɗi ce, ko ta notis, ko ta gyaran rufi da masai. Ta kuɗin fakin baƙuwa ce a wajenmu, daga birni ta taho. Tun da aka hana acaɓa a cikin Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, adaidaita sahu ta cika gari, aka buɗe garejin kwana a unguwanni, kwanan abin hawa ya zama sana'a. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, ɓarayinsa kuma suka ƙara ƙaimi. Ma'aikacin da aka tura Gafasa ko Balare ko Kunkurawa, babur shi ne ƙafarsa, ba zai bar shi a waje ba. Mai gida kuwa ya duba buhun siminti, ya duba abin da yake karɓa a shekara, ya ga soro yana zaman banza. Kowa da gaskiyarsa a cikin ransa, shi ya sa maganar take saurin zafi.

Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo da irin wannan ita ce: ranar da ka biya kuɗin haya, me ka saya? Haya ciniki ce. A dokar ƙasa, sharaɗin da aka ƙulla a kai ba ya canzawa sai da yardar ɓangare biyu. A fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu na kotunan shari'a ke hukunci da shi, ijara ba ta inganta sai an san abin da za a amfana da shi, an san kuɗinsa, an san wa'adinsa. Inda aka yi shiru a kan wani abu, sai a koma ga al'adar wurin. To a Gaya da Ajingi, wa ya taɓa jin an kama ɗaki an ce soro ba ya ciki? Ta nan ake shiga, nan ake tarar baƙo, nan babur yake kwana tun zamanin Honda da Suzuki. Mutumin da ya shekara biyu yana ajiya a idon mai gida ba a tanka ba, ba za a wayi gari a tsakiyar wa'adi a ce ya biya abin da ya riga ya biya ba. An ba shi da dama, ana so a karɓe da hagu.

Mutane da yawa suna zaton in babu takarda babu magana. Yarjejeniyar baka tana da ƙarfi, wahalarta dai hujja. A nan dillali yake da rana. Mu kan raina shi, mu ga la'ada kawai ya sani, alhali sau da yawa shi kaɗai ne ya ji abin da aka faɗa ranar da aka duba ɗaki.

Amma kada ɗan haya ya ji wannan ya hau dokin zuciya. Mai gida yana da ikon ya ce daga wa'adi na gaba ga sabon sharaɗi, in ka yarda ka zauna, in ba ka yarda ba ka nemi wani wuri. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya yi maka korar kare. A ƙa'idar da kotuna ke bi, in ba a rubuta wani abu daban ba, mai biya wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biya shekara-shekara na wata 6, daga nan a ba shi takardar kwana 7, sannan a tafi kotu. Haka kuma kangon da ke gefe hukuncinsa daban da na soro. In fili ne mai zaman kansa da ba a nuna maka shi ranar ciniki ba, mai shi yana iya sa masa kuɗi ko yaushe, kai ma kana iya kai adaidaitarka wani wuri. Titin ƙofar gida kuwa na jama'a ne. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kula da titunan cikin gari da tashoshin mota a kan ƙaramar hukuma, don haka mai gida ba shi da rasit ɗin da zai yanka wa wanda ya tsaya a kan hanya, sai dai ya yi magana in an tare masa ƙofa.

Akwai tambaya ta biyu, wadda masu gida ba sa son ji. Washegari na bi malam zuwa Ajingi, muka sami Alhaji a kan tabarma a gindin darbejiya, dattijo mai fara'a, sanin mahaifina ne ma. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaro, ina tambayarka, gidan nan nawa ne ko nasa?"

Na ce, "Naka ne, Baba, ba mai ja. Amma wannan dubu biyun, kuɗin wuri ne ko kuɗin tsaro?"

Ya ce duk ɗaya ne.

Na ce, "To in aka ɓalle ƙofar soro da dare aka ɗauke babur, za ka biya?"

Ya ajiye carbinsa. "Ni? Miliyan guda? A'uzubillahi."

A nan maganar take. Wanda ya biya kuɗin fakin yana kwana da zaton an ɗauki nauyin dukiyarsa, wanda ya karɓa kuma yana ganin ƙasa kawai ya ba da aro. Ba a gane an yi ciniki biyu daban-daban sai ranar da aka yi sata. Akwai shari'ar da duk ɗalibin lauya a Najeriya ya sani: Mai Shari'a Anyah ya ajiye motarsa Peugeot 505 a harabar otal ɗin Imo Concorde a Owerri a Disambar 1986, ya kulle ya tafi da makullinsa, aka sace ta. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 2002 ta ce otal ba zai biya ba, tunda ba a danƙa motar a hannunsa ba. Alƙali guda ke nan, ya shekara 16 yana bin hakki, ya tashi a tutar babu. A fiƙihu ma mai riƙon ajiya da mai gadi amintattu ne, ba a sa su ranko sai an tabbatar sun yi sakaci, kamar a bar ƙofa a buɗe ko mai gadi ya tafi yawonsa. Saboda haka in za ka biya, ka san abin da kake saya: akwai mai gadi? Wa ke riƙe makullin soro? Ƙarfe nawa ake rufewa? In babu ko ɗaya, inuwa kawai ka saya.

Sarƙar kuwa ba ta da madafa ko kaɗan, na kuma faɗa wa Alhaji haka cikin ladabi. Ko da bashi ne tabbatacce, ba ka da ikon tsare dukiyar mutum da hannunka. Babur ba jingina ba ne, kuma kowace ranar da ya kwana a ɗaure, malam yana iya neman diyyarta a kotu, har da kuɗin acaɓa. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta Jihar Legas kaca-kaca saboda ta tura 'yan sanda sun fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. In gwamna mai bindiga bai tsira ba, ina ga mai gidan haya da kwaɗon kasuwa? A Ingila, inda kamfanoni ke cin abinci da tarar fakin har a harabar gidajen haya, tun Oktoban 2012 ɗaure tayar motar mutum a filin da ba na hukuma ba ya zama laifi.

Malam ma na ja masa kunne. Zabtare kuɗin haya da kanka shi ne hanya mafi sauƙi ta mayar da mai gaskiya marar gaskiya. Ranar da aka je gaban alƙali, maganar soro za ta koma gefe, a ce ga ɗan haya da ake bi bashi. Ka biya hayarka cif, ka karɓi rasit, sannan ka yi ƙorafi a kan abin da aka ɗora maka. Kuma ofishin 'yan sanda ba wurin warware cinikin haya ba ne. Sau da yawa a can ake kashe abin da ya fi kuɗin da ake rigima a kai, a dawo da gaba ta shekaru.

Ba mu je kotu ba. Mai unguwa ya zaunar da mu bayan la'asar, aka kira dillalin da ya sama wa malam ɗakin. Bai yi wata-wata ba ya ce, "Ranka ya daɗe, a gabana malam ya tambaya inda zai sa mashin, Alhaji da kansa ya nuna masa soro da sandarsa." Alhaji ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce tsufa ne. Aka aiki yaro ya kawo makulli. Aka tsaya a kan babur zai ci gaba da kwana kyauta har wa'adi ya cika, in an zo sabuntawa a yi sabon ciniki. Mai adaidaita sahu da mai mota suka yarda za su biya na kango, bisa sharaɗin a sa ƙofar ƙarfe, a kuma riƙa ba 'yan sintirin unguwa wani abu daga ciki. Na rubuta a takarda ɗaya da Hausa, kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Da abin ya gagara a nan, akwai dagaci, akwai hakimi, akwai zauren sulhu na Hisbah, kafin a kai ga sammaci.

Roƙona ga dillalan Gaya da Ajingi da Wudil: la'adar da kuke karɓa ta isa ta sayi biro. A bayan rasit ɗin haya a ƙara layi biyu, inda abin hawa zai kwana, da ko yana cikin kuɗin haya ko ana biya daban, da wanda ke riƙe makulli. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba wanda zai ce rubutu rashin yarda ne.

Kai kuma mai shirin kama ɗaki ko sabunta haya, kafin kuɗi ya bar hannunka, tambayi mai gida a gaban dillali: ina babur zai kwana, kuma nawa?