Darasi na 14: Ƙananan Injuna da Hasken Lantarki

A. KARATU

Karanta wannan bayani a hankali, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye da shi.

A ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Amurka akwai mutane masu sha'awar ƙera ƙananan injuna a lokacin hutunsu, don nishaɗi kawai. Wasu injunan ba su wuce a ɗora su a tafin hannu ba, amma suna aiki kamar manya: suna cin mai, suna ɗaukar zafi, suna juyawa. Daga cikin masu wannan sha'awa akwai waɗanda sukan haɗa injin da ɗan ƙaramin janareta don su kunna ƙwan fitila. To, ta yaya ɗan inji irin wannan yake samar da haske?

Da farko, bari mu san injunan. Iri uku ne suka fi shahara. Na farko shi ne injin tururi. Yana da 'yar tukunya wadda ake zuba wa ruwa, a hura wuta a ƙarƙashinta. Idan ruwan ya tafasa, sai tururi ya tura fistin, fistin kuma ya juya ƙafar injin. Kamfanin Mamod na Ingila da na Wilesco na Jamus sun yi suna wajen ƙera irinsa.

Na biyu shi ne injin Stirling, wanda wani limamin coci a Sikotilan mai suna Robert Stirling ya ƙirƙiro a shekarar 1816. Shi wannan iska ce a rufe a cikinsa. Ana zafafa gefe ɗaya da 'yar wuta, a bar ɗaya gefen da sanyi. In iskar ta yi zafi sai ta kumbura ta tura fistin, in ta huce sai ta tsuke, fistin ya komo.

Na uku shi ne injin da ake sa wa jiragen sama na wasa. Kamfanin Cox na Amurka ya ƙera wani sanannen iri wanda cikin silindarsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na cokalin shayi ba. Duk da ƙanƙantarsa, yana iya juyawa sau 15,000 a minti ɗaya. Man da yake sha gauraye ne na sinadarin metanol da man zurma da wani sinadari mai ƙara masa ƙarfi.

Dukkan injunan nan juyi kaɗai suke bayarwa. Mai mayar da juyi ya zama lantarki shi ne janareta. A shekarar 1831, wani masanin kimiyya ɗan Ingila mai suna Michael Faraday ya gano cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da wayar jan ƙarfe da aka naɗe, sai lantarki ya gudana a cikin wayar. Saboda haka abubuwa biyu ne muhimmai a cikin janareta: maganaɗisu da naɗaɗɗiyar waya. Inji ya juya ɗaya daga cikinsu, ɗayan yana tsaye, sai wuta ta samu. Iyakar saurin juyin, iyakar ƙarfin wutar. Mai wannan sha'awa yakan haɗa ƙafar injinsa da janaretan ta hanyar 'yar siririyar igiyar roba, ya jona wayoyi biyu zuwa ƙwan fitila.

A da, aikin yana da wuya, domin tsohon ƙwan fitila yana cin wuta da yawa, kuma mafi yawanta zafi take zama. Ƙwan LED ya sauƙaƙa al'amarin. Hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 yake bayarwa, ƙwan LED mai wat 10 ma yana ba da shi. Ɗan mitsitsin LED kuwa, irin wanda ke jikin rediyo, bai buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na wat guda. Shi ya sa ɗan injin Stirling da 'yar wutarsa yake iya kunna shi.

Mai karatu zai iya tambaya: me zai hana a haskaka gida da irin waɗannan injuna idan an ɗauke wuta? Dalilan suna da yawa. Injin tururi da na Stirling ba su da ƙarfin da zai haskaka ɗaki sosai. Injin jirgin wasa yana da ƙarfi, amma ƙararsa ta yi yawa, mansa na da tsada, kuma ɗan tankinsa yakan ƙare cikin mintuna kaɗan. Haka kuma juyinsa yana hawa yana sauka, don haka dole a sa na'urar daidaita wuta, in ba haka ba ƙwan ya ƙone. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi su arha da sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haɗari. Metanol guba ne, kuma idan ya kama wuta da rana, da ƙyar ake ganin harshenta. Hayaƙin inji mai ƙona mai yana ɗauke da wata iska mai kisa wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Wannan iskar ce take hallaka mutanen da suka kunna janareta a cikin ɗaki suka kwanta barci. Kada a tayar da inji, babba ko ƙarami, a wurin da iska ba ta shiga. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Babban amfanin ƙananan injuna shi ne koyarwa. Abin da ɗalibi yake gani a kan tebur shi ne yake faruwa a madatsar ruwa ta Kainji a Jihar Neja, inda ruwa ke juya manyan janaretoci tun shekarar 1968. Shi ne kuma yake faruwa a tashar Egbin ta Jihar Legas, inda tururi ke juya su. Girma ne ya bambanta, hanyar ɗaya ce. Wanda ya ga ɗan ƙwai ya kama da juyin ɗan inji ya fahimci inda wutar gidansu take fitowa, domin gani ya kori ji.

B. SABABBIN KALMOMI

tururi: abin da ke tashi daga ruwa idan ya tafasa
fistin: ƙarfen da ke kai da komowa a cikin silindar inji
tsuke: ragu, matse, kishiyar kumbura
maganaɗisu: ƙarfe mai jawo wasu ƙarafa
zurma: tsiro mai 'ya'ya da ake matse mai daga cikinsu
guba: abin da ke cutarwa ko kisa idan ya shiga jiki
madatsar ruwa: ginin da ake tare kogi da shi

C. AUNA FAHIMTA

1. Kawo ire-iren ƙananan injuna uku da aka ambata.
2. Yaya iska take motsa fistin a injin Stirling?
3. Me Michael Faraday ya gano a shekarar 1831?
4. Faɗi dalilai biyu da suka hana a haskaka gida da injin jirgin wasa.
5. Me ya sa ba a kunna janareta a cikin ɗaki?
6. Bayyana ma'anar karin maganar nan: gani ya kori ji.

D. NAHAWU: SIFA

Sifa tana dacewa da sunan da take bayyanawa wajen jinsi da adadi. Dubi waɗannan misalai:

ƙaramin inji (namiji), ƙaramar fitila (mace), ƙananan injuna (jam'i)
tsohon ƙwai, tsohuwar tukunya, tsofaffin wayoyi

Cike gurbi da sifar da ta dace:

1. Malam ya kawo ______ waya. (sabo)
2. Akwai ______ janaretoci a Kainji. (babba)
3. Mun zuba ruwa a ______ tukunya. (ƙarami)
4. ______ injuna suna yawan hayaƙi. (tsoho)

E. AIKIN AJI

Ku rabu rukuni-rukuni. Ku ciro ɗan injin lantarkin da ke cikin lalatacciyar motar wasan yara, ku jona masa jan ƙwan LED. Ku kifa keke, ku juya ƙafarsa ta baya, sannan ku taɓa tayar da bakin ƙarfen injin a hankali, kuna kiyaye yatsunku. Idan ƙwan bai kama ba, ku sauya wa wayoyin wuri. Kowane rukuni ya faɗa wa aji abin da ya gani, da Hausa.

F. JINGA

Rubuta jimloli goma kan yadda kuke samun haske a gidanku da dare. Yi amfani da sifofi biyar, ka ja layi a ƙarƙashin kowace.