Sababbin Magungunan Rage Kitsen Jini da Yadda Ake Gwada Su

Akwai wani irin kitse da ke yawo cikin jini, wanda likitoci ke kira kolestarol. Mafi yawansa hanta ce ke yin sa, ragowar kuwa daga abinci yake fitowa. Idan ya yi yawa sai ya riƙa taruwa a jikin jijiyoyi, kamar yadda laka ke toshe magudanar ruwa, har ranar da jini zai kasa isa ga zuciya ko ƙwaƙwalwa. Sau da yawa mutum ba ya jin alamar kome kafin wannan rana.

Masana sun daɗe suna neman maganinsa, amma mai karatu ya lura: rage kitsen jini daban, ceton rai daban. A shekarar 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon gwajin wani magani mai suna clofibrate, wanda aka yi da dubban maza a Turai. Kitsen ya ragu, amma waɗanda suka sha maganin sun fi waɗanda ba su sha ba mutuwa. Haka kuma a 2006 aka dakatar da gwajin torcetrapib, bayan an kashe dukiya mai ɗimbin yawa, saboda yawan mace-mace cikin masu shansa.

Labarin magungunan da ake kira statin ya sha bamban. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya samo na farkonsu a 1973 daga funfuna. Aikinsu shi ne rage wa hanta ƙarfin yin kolestarol. Duk da haka likitoci da yawa ba su saki jiki da su ba sai a 1994, lokacin da gwajin da aka yi da masu ciwon zuciya 4,444 a arewacin Turai ya nuna simvastatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin ɗari.

A 2015 aka amince da wasu allurai masu taimakon hanta ta kwashe kitse daga jini, sai dai tsadarsu ba kaɗan ba ce. A 2022 kuma aka fara gwada gyaran ƙwayar halitta a hantar mutane, da fatan yi ɗaya ya wadatar. Wannan dabara tana hannun masu bincike tukuna, ba ta shiga kasuwa ba.

A nan Nijeriya, hukumar NAFDAC ce ke yi wa magani rajista. Wanda aka yi masa tallar sabon maganin narkar da kitse, ya nemi lambarta a jikin kwalin, ya kuma je asibiti a auna jininsa kafin ya sha.