Alamomin Da Batirin Motar Lantarki Ke Nunawa Kafin Ya Kama Da Wuta

Batirin motar lantarki ɗaruruwan ƙananan batura ne a jere. Idan ɗaya ya yi zafi fiye da kima, sai ya zafafa na kusa da shi, wutar ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma sau da yawa yakan ba da alama tukuna.

Ka lura da cajin da ke ƙarewa da wuri ba gaira ba dalili, da fankar sanyaya batiri da ke ta aiki alhali motar na ajiye. Fitilar gargaɗin batiri kuwa, kada ka ce sai gobe. Idan ƙasan motar ya daki dutse ko ta shiga ruwa, kai ta a duba, domin lahanin kan ɗauki kwanaki kafin ya bayyana.

A 2021 kamfanin General Motors ya yi wa motocin Chevrolet Bolt kiranye saboda lahanin batiri, ya ce kada cajinsu ya wuce kashi 90 cikin 100, kuma a riƙa ajiye su a waje.

Warin sinadari mai zaƙi-zaƙi, ƙarar huci ko farin hayaƙi daga ƙasan motar ba na tsayawa bincike ba ne. Fitar da kowa, ku yi nisa, ku kira 'yan kwana-kwana. Hayaƙin guba ne, kuma wutar kan sake tashi bayan an kashe ta.